Munster ko Leinster: wace ce gaba a zari-rugar Ireland?

Bashir: Jama'a, ina nan kan bakana: a tarihin wasan zari-ruga (rugby) a Ireland babu ƙungiyar yanki da ta kamo ƙafar Munster. Ranar 31 ga Oktoban 1978 ta lallasa All Blacks, wato ƙungiyar ƙasar New Zealand, da ci 12-0 a filin Thomond Park da ke Limerick. Wasa 18 All Blacks suka buga a wannan rangadi, nan kaɗai suka sha kashi. Ita kanta ƙungiyar ƙasar Ireland sai 2016 ta iya kayar da su, a Chicago.

Malam Audu: Bashir, wasa ɗaya tal! Shekara arba'in da ɗoriya kuna ta lasar tsohon zuma. Mu ƙirga kofi mana. Leinster ta ɗauki kofin Turai sau huɗu: 2009, 2011, 2012 da 2018. Naku biyu ne, 2006 da 2008.

Hauwa: Ku biyun kun manta ƙungiyar yankin Ulster ce ta fara kawo wa Ireland wannan kofi, tun 1999. Ba wanda ke tuna ta, kaico.

Bashir: Gaskiyarki, Yaya Hauwa. Amma Malam, da girmanka, kofi ba shi kaɗai ake dubawa ba, har da wuyar da aka sha kafin a kai gare shi. A 2000 Northampton ta fitar da mu a wasan ƙarshe da tazarar maki ɗaya, 9-8. A 2002 Leicester ta sake hana mu. Duk da haka magoya baya ba su watse ba, suka yi ta bin ƙungiyar har Cardiff a 2006, inda aka doke Biarritz 23-19. Wanda ya ga yadda ɗan wasanmu Peter Stringer, ɗan ƙaramin mutum, ya sulale ta gefe da ƙwallo babu mai tare shi, ba zai manta ba.

Malam Audu: "Mu" kuma? Yaushe ka koma ɗan Limerick? To ka tuna 2009 a Croke Park, gaban mutum sama da 82,000: Leinster 25, Munster 6. Daga ranar ne iko ya koma Dublin, gidan Leinster.

Bashir: A 2023 fa? A Dublin ɗin Munster ta cire ku 16-15, ta wuce Cape Town ta doke Stormers 19-14, ta ɗauko kofin URC, gasar da ƙungiyoyin Ireland ke bugawa da na wasu ƙasashe, har da Afirka ta Kudu.

Malam Audu: Ai manyan 'yan wasanmu hutawa suka yi ran nan, saboda mako na gaba akwai wasan ƙarshe na kofin Turai da La Rochelle ta Faransa.

Hauwa: Malam, da ba ka tono wannan ba. Hutun bai hana La Rochelle cin ku 27-26 ba, a gidanku kuma. Wa ke horar da ita a lokacin? Ronan O'Gara, tsohon ɗan wasan Munster.

Malam Audu: Ke kuma Hauwa, ashe ɓangare gare ki.

Hauwa: Ni 'yar Ulster ce, Malam. Kallo kawai nake.