Ina zan kai ƙarar masu zubar mana da bola a gota?

Salamu alaikum. A Aboabo nake, nan Kumasi. Wata 2 ke nan masu aboboya (keke mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) suna zuwa bayan ƙarfe 12 na dare, su juye bola cikin gotar bayan gidanmu. Ruwan daren Juma'a ya toshe ta, ƙazanta ta malalo har zaure, sauro kuwa sai wanda ya gani.

Mun kafa allon gargaɗi, sun tumɓuke. Na gaya wa asambuliman ɗinmu sau 2, kullum "za mu duba". Na ɗauki bidiyo, amma duhu ya hana lambar keken fitowa.

Tunda ba lamba, 'yan tankas (masu duba tsabta) na gundumarmu ta Asokore Mampong za su karɓi ƙarata da wannan bidiyon kaɗai? Na gode.