Amplin gita mai kwalabe da kawuna ya bari: wane iri ne, kuma zai tashi?

Ɗan Mokoyo:

Assalamu alaikum. Kawuna ya rasu bayan ƙaramar salla. Da muka shiga share ɗakinsa, sai na tarar da amplin da yake kaɗa gita da shi a gidajen biki tun ina ƙarami, an jibga masa tabarmi a kai. Ɗan baƙin akwati ne, da hannu ɗaya ake ɗaukarsa. Tambarin gaba ya ɓalle, sai ramukan ƙusa. Farantin gaban launin azurfa ne da shuɗin rubutu da ya kusa gogewa, ramin jona gita biyu, abin murɗawa uku. Ta baya akwai kwalaben lantarki uku, irin na tsohuwar rediyo, a rataye kai ƙasa: ɗaya 5Y3GT, ɗaya 6V6GT, ƙaramar kuwa rubutunta ya goge. Zanzaro ya yi gini a kusurwa, robar wayar wuta duk ta tsattsage.

Na kai wa wani mai gyara a bakin kasuwa, ya ce aikin banza ne, a kwashe cikin a sa faranti na zamani mai Bluetooth, jika 15. Raina bai kwanta ba, na ɗauko abina. Muryar kawu nake so in sake ji a cikinsa. Ban jona shi ba tukuna. Wa ya san irinsa?

Tsohon mai rediyo:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Ɗana, ka yi dabara da ka ɗauko shi, ka kuma yi dabara da ba ka jona ba. Waɗannan kwalabe uku da abin murɗawa uku a farantin azurfa, siffar Fender Champ ce ta Amurka, irin mai farantin azurfa da aka fara a 1968. Ƙaramar kwalbar 12AX7 ce, a Turai ECC83 suke ce mata. Ita ke karɓar sautin gita, 6V6 ta ƙara masa ƙarfi, 5Y3 kuma ita ke gyara wutar da sauran ke ci. Ƙarfinsa wat 5 zuwa 6 ne kawai, amma idan ka buɗe shi za a ji ka har zaure.

Yanzu ka saurara da kyau. Yawancinsu na wutar Amurka ne, volt 117 ko 120, mu kuma 220 muke da ita. Ka jona kai tsaye, fiyus ya mutu idan ka yi sa'a, idan ba ka yi ba taransifoma ta ƙone, kuma ita ce zuciyar abin. Dole sai da taransifomar rage wuta. Na biyu, manyan kondansa na ciki, wato masu ajiye wuta, suna riƙe volt sama da 300 ko bayan an zare waya. Na ga hannun da wutar nan ta jefar. Kada ka sa yatsa a cikin ƙarfen da aka haɗa wayoyin amplin a ciki sai wanda ya iya ya sauke wutar ya auna da mita. Na uku, kada a taɓa kunna shi lasifika a cire, ƙaramar taransifomar sauti ke mutuwa.

Ginin zanzaro kuwa, ka ɓare shi a hankali da tsinke, ka share ƙura da buroshin fenti busasshe. Ruwa ba ya kusantarsa.

Mai gita daga Damagaram:

Allah ya gafarta masa. Yaya, shekarunsa a jikinsa suke rubuce. Haska tocila a bangon akwatin ta ciki, akwai takardar da ke nuna jerin kwalabe da sunan samfurin. Sannan a bayan kowane abin murɗawa akwai lamba: 137 kamfanin CTS ne, lambobi biyu na gaba shekara, biyun ƙarshe mako. A lasifika ma akwai lambar kamfani, 465 Oxford ne, 220 Jensen. Jikin taransifoma za ka ga 606, lambar kamfanin da ya ƙera ta. Amma wannan ranar da aka ƙera kayan ce, haɗa amplin yakan biyo baya da ƴan watanni. Kuma don Allah kada ka zubar da tsofaffin kwalaben. Mutane na ɗauka su ne ke fara mutuwa, alhali sau da yawa sun fi sababbin kasuwa lafiya.

Ɗan Mokoyo:

Na gode ƙwarai. Takardar tana nan, kyankyaso ya ci gefenta amma ana karanta CHAMP da AA764. A baya an rubuta volt 117. Na kai shi wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwar Zariya, ya sauke wutar a gabana kafin ya zaro ƙarfen. Lambar abin murɗawa 1377418, wato 1974, mako na 18. Inna kuma ta tuna kawu na da wani ɗan ƙarfe mai nauyi da yake jonawa tukuna, mun same shi ƙarƙashin gado, ashe taransifomar rage wutar ce. Baba, me za mu canja, me za mu bari?

Tsohon mai rediyo:

Madalla. A canja gwangwanin nan mai kondansa uku a ciki, shekara hamsin ta ishe shi, shi ke kawo gurnani. A canja ƙaramar kondansar da ke manne da rezista mai om 470 a gindin 6V6, zafi ke gasa ta. A sa waya mai haƙori uku, a ɗaure silinta na ƙasa (earth) a jikin ƙarfe, a cire kondansar da ke haɗa layin wuta da ƙarfen idan akwai, ita ke sa igiyar gita ta ja mutum. Fiyus amfiya 1, kada a naɗa masa waya. Saura a auna, abin da ke daidai a bar shi.

Kunnin farko a bi da wutar ta cikin kwan fitila mai zare, wat 60, ba irin na LED ba. Ya haska ya dushe, lafiya. Ya tsaya da haske fes, a kashe nan take, akwai inda waya ta haɗu. Kuma da yake an yi shi don wuta mai zagaye 60 a daƙiƙa ne, tamu 50, taransifomar za ta fi ɗaukar zafi. A watan Afrilu kada ka jingina bayansa da bango. Ranar da za ku kunna ka faɗa mini, zan zo da mitata.