Abin da aka ce kan abincin kare a majalisarmu ta Samaru

Daren Juma'a hira ta kai mu kan abincin kare, bayan wani maƙwabcinmu ya koka cewa karensa na gadi ya rame duk da ragowar tuwon da ake zuba masa kullum. Cikinmu akwai ɗalibin likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello, shi ya fi kowa magana.

Ya ce tuwo zalla ba ya riƙe kare, sai an haɗa da nama, kifi ko dafaffen ƙwai. Babbar matsalar ragowar abincinmu kuwa miya ce: albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jininsa, ko da an dafa su. Nan wuri ya yi tsit, don wa ke miya ba albasa? Cakulan da inabi ma guba ne gare shi. Dafaffen ƙashin kaza kuma tsagewa yake yi da tsini, yana iya huda hanji.

Wani dattijo mai karnukan farauta ya ce shi kayan ciki yake sayowa a kasuwar Sabon Gari, ya tafasa da garin masara, ba gishiri ba yaji. Ɗalibin ya ce, "Baba, hakan ya yi, amma a guji masarar da ta yi fumfuna, tana lalata hanta."

Ɗalibin ya ƙara da cewa mai sayen abincin kare na buhu ya duba ranar ƙarewarsa, in zai canza kuma ya yi sannu a hankali cikin kwana 7. Kwikwiyo a ba shi sau 3 zuwa 4 a rana, babba sau 2. Da zafin Afrilu kuwa, kada kwanon ruwansa ya bushe.