Shin da gaske ne mata sun sha gaban maza a karatu da wuraren aiki?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, jama'a. Akwai wata magana da nake yawan cin karo da ita, wato cewa mata sun sha gaban maza a fagen ilimi, kuma suna gab da yin haka a fagen aiki. Abin da ya sa na ɗauki maganar da muhimmanci shi ne abin da na gani a wajen bikin yaye ɗalibai na ƙanwata, inda aka kira waɗanda suka fi hazaƙa, sai ga shi kusan duk waɗanda suka hau dandamali mata ne, mazan ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na san ba a yanke wa duniya hukunci da abin da aka gani a makaranta guda, shi ya sa nake tambaya: akwai alkaluman da suka tabbatar da wannan, ko kuwa zuzutawar 'yan jarida ce? Idan gaskiya ne, me ya jawo, kuma me ya sa har yanzu manyan kujerun kamfanoni da na gwamnati suke hannun maza?

Mai Lissafi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Dangane da karatu, babu zuzutawa a ciki. A Amurka, tun shekarar karatu ta 1981 zuwa 1982 yawan matan da ke karɓar digiri na farko ya wuce na maza, kuma daga lokacin bai sake komawa baya ba. A yau, cikin kowane digiri ɗari da ake bayarwa, kimanin 58 na mata ne. Hatta fannonin da a da ake ɗauka na maza ne sun juya, domin a 2016 mata suka zama mafi rinjaye a makarantun koyon aikin lauya, a 2019 kuma a makarantun koyon aikin likita. Domin ka gane girman sauyin, a 1972, lokacin da aka kafa dokar Title IX wadda ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, maza ne ke gaba a digiri na farko da tazarar kashi 13 cikin ɗari, amma zuwa 2019 mata ne ke gaba da tazarar kashi 15. Kuma abin bai tsaya a Amurka ba, domin rahoton da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fitar a 2022 ya nuna cewa a duniya baki ɗaya, duk mata 100 da ke manyan makarantu, maza 88 ne kacal.

A fagen aiki kuwa sai an yi taka-tsantsan da harshe. Gaskiya ne a Disamba 2019 mata sun ɗan haura rabin masu aikin albashi a Amurka idan aka cire aikin gona, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: masana'antu, inda maza suka fi yawa, waɗanda suka ɗauki mutum kusan miliyan 19 da rabi a 1979, yanzu ma'aikatansu ba su kai miliyan 13 ba, alhali aikin lafiya da na koyarwa, inda mata suka fi yawa, sai ƙaruwa suke yi. Sai dai yawan ma'aikata daban, yawan kuɗi da iko daban. A 2023, macen da ke cikakken aiki a Amurka ta samu kashi 82 zuwa 84 ne cikin ɗari na abin da namiji ya samu, kuma sai a 2023 ne mata suka haura kashi 10 cikin ɗari na shugabannin kamfanoni 500 mafi girma a ƙasar.

Tsohuwar Malama:

Malam Mai Lissafi ya kawo alkaluman jami'a, ni kuma zan mayar da ku baya, domin tazarar ba a ƙofar jami'a take farawa ba. Shekaru masu yawa na yi ina koyarwa a ƙananan azuzuwa, kuma abin da na lura da shi shi ne, ba wai yarinya ta fi yaro kaifin basira ba ne, a'a, ta fi shi iya zama wuri ɗaya, da sauraro, da tuna ranar da za a karɓi aikin gida, da rubuta shi yadda za a iya karantawa. Makaranta kuwa a kan waɗannan ɗabi'u take ba da maki kowace rana, kafin ma a zo ga jarrabawa. Masana sun nuna cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke kula da tsara abu da danne son zuciya, yakan riga nuna a wajen 'yan mata, saboda haka idan aka zaunar da yaro da yarinya masu shekara goma sha uku a benci ɗaya, sau da yawa shekarunsu ne kawai ɗaya.

Inda abin ya fi damuna shi ne karatun littafi. A jarrabawar PISA da OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, ke shiryawa 'yan shekara 15, 'yan mata sun fi maza fahimtar abin da suka karanta a duk ƙasashen da suka shiga ta 2018, yayin da fifikon maza a lissafi ɗan kaɗan ne. Yaron da bai ƙware a karatu ba tun yana ƙarami, duk wani darasi sai ya zame masa dutse, daga nan ya fara cewa makaranta ba tasa ba ce. Ga kuma ƙarancin malamai maza, waɗanda a Amurka suka ragu daga kusan kashi ɗaya cikin uku a farkon shekarun 1980 zuwa ƙasa da ɗaya cikin huɗu. Wani manazarci, Richard Reeves, ya ba da shawarar a riƙa jinkirta shigar yara maza makaranta da shekara guda. Ni dai ban gamsu da wannan gaba ɗaya ba, domin gidan da ba shi da hali ba ya da inda zai ajiye yaron a wannan shekarar, amma na yarda da shi cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Uwar Uku:

Ina so in amsa tambayar ƙarshe ta ɗan'uwanmu, wato batun manyan kujeru. Claudia Goldin, wadda ta samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2023, ta nuna cewa mace da namiji masu ilimi ɗaya kan fara aiki da albashi kusan ɗaya, kuma tazarar kan buɗe ne bayan haihuwar fari. Binciken da aka yi a Denmark, ƙasar da ake yabo wajen tallafa wa iyaye, ya gano cewa kuɗin shigar mace kan ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari bayan haihuwa kuma ba ya komawa daidai, na mijinta kuwa ko gezau. Dalilin shi ne ayyukan da suka fi tsoka suna son mutumin da za a kira da dare ya amsa, a tura shi tafiya gobe ya tafi, kuma idan akwai jariri a gida dole ɗaya daga cikin ma'auratan ya haƙura da irin wannan aiki. Ni na ga haka a kaina: na fi abokan karatuna maza sakamako, amma a shekarun da suke hawa mataki, ni ina neman aikin da zai bar ni in tashi da wuri. Saboda haka idan aka ce mun sha gaban maza a wurin aiki, sai in ce a tambayi mace mai shekara arba'in, kada a tsaya ga mai ashirin da biyar.

Baƙon Zaure:

Da izininku, Malama da Hajiya, kada mu manta cewa yawancin misalan nan daga ƙasashe masu arziki suke. A Afghanistan an rufe wa 'yan mata makarantun sakandare tun 2021, aka bi da jami'o'i a Disamba 2022, kuma a ƙasashe da dama na Afirka kudu da Sahara har yanzu yarinya ce ake fara cirewa daga makaranta idan hali ya gaza. Kusan kashi biyu cikin uku na manyan da ba su iya karatu da rubutu ba a duniya mata ne. A Lesotho da Mongoliya kuwa akasin haka ake gani, domin kiwo kan janye yara maza daga aji. Iran ta fi ba ni mamaki, inda aka daɗe mata na da kaso mai tsoka a jami'o'i, amma waɗanda ke aiki ko neman aiki ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, kun faɗaɗa mini fahimta. Saura abu ɗaya: idan aikin lafiya da koyarwa ne ke bunƙasa, me ya hana mazan da masana'antu suka sallama su koma can?

Mai Lissafi:

Abu biyu ne, ɗan'uwa. Na farko, waɗannan ayyuka suna buƙatar takardar shaida, wadda ita ce ainihin abin da mazan suka rasa, don haka matsalar da Malama ta bayyana ce take biyo su har girma. Na biyu, an shafe shekaru ana ƙarfafa wa 'yan mata gwiwa su shiga aikin injiniya da likita, amma ba a yi irin wannan yunƙuri ba wajen nuna wa yaro cewa aikin jinya ko koyar da ƙananan yara ba abin kunya ba ne. Shi ya sa har yanzu a Amurka, cikin ma'aikatan jinya goma, da ƙyar za ka samu namiji fiye da ɗaya.