"Wannan adadin daga ina ya fito?" Wa aka taɓa tsarewa da wannan tambayar?

Mai buɗe zance:
Salamu alaikum 'yan uwa. Makon jiya manhajar da na rubuta wa wani kantin magani ta nuna cinikin wata ya zarce kuɗin da ke hannu da tazara mai yawa. Alhaji ya juyo min da allon kwamfuta, ya ɗora yatsa a kan adadin, ya ce, "Malam, wannan daga ina?" Sai na yi tsuru-tsuru. Kwana biyu ina tono. Ashe JOIN ne, wato umarnin haɗa teburan bayanai, tsakanin teburin ciniki da na biya: duk wanda ya biya rabi da tiransifa rabi da tsabar kuɗi, layin cinikinsa yana fitowa sau biyu, SUM, umarnin haɗa jimla, kuma ba ruwansa, tarawa kawai yake. Ku fa, yaya kuke bin sawun bayananku?

Wata mai lura da bayanan asibiti:
Wa alaikumus salam. Ni agogo ne ya kusa ja min. Rumbun bayananmu da lokacin UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, yake ajiya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Duk jaririn da aka haifa daga sha biyun dare zuwa ɗaya saura, sai rahoto ya jefa shi a ranar da ta wuce. Ranar ɗaya ga wata kuwa, sai ya koma watan baya. Rajistar ungozoma ce ta cece ni, wadda ake cikewa da biro.

Wani tsohon hannu a manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL:
Hajiya, kin ma yi sa'a akwai takarda. Mu wani ya yi UPDATE, wato umarnin sauya bayani, a kan makin ɗalibai, tsohon makin ya shafe, ba wanda ya san ko nawa ne a da. Tun ranar na sa trigger, wato umarnin da ke tashi da kansa idan an taɓa tebur, a kan kowane tebur mai muhimmanci: a rubuta tsohon abu, sabon abu, wa ya taɓa, da ƙarfe nawa. Masu rumbun bayanai na SQL Server tun fitowar 2016 suna da tebur mai riƙe tarihin kansa, manhajar MariaDB ma ta kawo nata a fitowar 10.3. Amma fa wannan zai gaya maka wanda ya canza layi ne kawai, ba zai faɗi waɗanne layuka suka haɗu suka haifi jimlar da ke rahoto ba. Ciwon mai buɗe zance ke nan.

Wani malamin jami'a:
Gaskiyarka. Tun 2001 masana kwamfuta Buneman da Khanna da Tan suka raba tambayar asalin bayanai gida biyu: me ya sa wannan sakamakon ya fito, da kuma daga wane gurbi aka kwafo shi. A 2013 W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar da PROV, tsarin rubuta asalin bayanai mai ƙafa uku: abin da aka samar, aikin da ya samar da shi, da mai alhakin aikin. Ni a aji da isnadi nake kwatantawa. Ɗalibi ya san ba a karɓar matani sai an ji wane daga wane, to nan take yake ganewa.

Tsohon hannu:
Allah gafarta Malam, isnadin nan yana cin wuri fa. Teburin tarihina ya ninka na ainihi girma, har sai da na fara kwashe tsofaffi zuwa wani faifai.

Mai buɗe zance:
Na gode ƙwarai. Abin da na yi dai ƙarami ne: yanzu kowane adadi a rahoton ana iya latsa shi, ya zazzago lambobin rasit ɗin da suka tara shi. Jiya Alhaji da kansa ya latsa, ya gano an shigar da rasit ɗaya sau biyu, bai ma kira ni ba. Sai ya kira yaron kanti.