Kilarnet ɗina ta tsage a hunturun nan kuma gwaji ya matso, ku taimaka da shawara

Mai Busa KD:
Salama 'yan uwa, dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗau zafi. Ni dai tun ina firamare nake band, da ganga na fara a Boys' Brigade, daga baya malaminmu ya ɗauke ni ya damƙa min wata tsohuwar kilarnet (abin busa ne dogo mai ramuka da maɓallai) ta roba, da ita na koyi komai har na fara karatun nota. To bara na sayar da babur ɗina na haɗa da adashen da mamata ta ɗauka na sayi ta katako, gwanjo ce, wani ya shigo da ita daga Beljiyam. Kawuna har yau in na gaishe shi da ƙyar yake amsawa wai na sayar da abin neman abinci na sayo sanda, ita ma wadda nake nema ta yi magana amma wannan labarin daban ne. Wallahi lokacin damina in na busa ta muryar kamar an shafa mata man shanu, kowa a coci sai ya juyo. Tun da hunturu ya shigo murya ta sirance, in zan haye daga A zuwa B sai tsuwwa, ran Lahadi kuma na ga wani siririn layi a gaɓar sama kusa da maɓallin babban yatsa. Ga shi ina da gwajin shiga wata okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, a Legas wata mai zuwa, sun ce in busa ɗaya cikin kiɗa biyu, ko Concertino na Weber ko kashin farko na konshato na Mozart. In manne ta ne? In fasa zuwa? Wanne ma zan ɗauka cikin biyun?

Tsohon Saje:
Yaro tun ranar da ka sayi katako kana zaune a Kaduna ka sayi wannan matsalar. Saurara. Baƙin icen da ake yin ta da shi daga Tanzaniya da Mozambik yake fitowa, mpingo suke ce masa, amma a Turai ake busar da shi a fafe shi daidai da iskarsu. Kai nan a watan Janairu danshin iska yana sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, ita kuma tana son 40 zuwa 60. Ka ɗauko ta da sanyin safiya ka hura mata numfashi mai ɗumi mai ruwa, ciki ya kumbura waje yana a bushe, me kake so ta yi? Kuma kusan kullum a gaɓar sama take tsagewa don nan ne ramuka suka matsu da juna, nan ne ɗumin bakinka yake fara sauka. Mu da muka yi rayuwarmu a filin fareti babu mahaukacin da yake fita da katako. Ajiye ta. Nemi kilarnet Yamaha 255 ta roba ka sa mata bakin busa mai kyau, Vandoren B45 ko 5RV, ka tashi da asuba ka ja dogayen nota. Murya a baki da iska take, ba a ice ba.

Mai Busa KD:
Baba Saje da girmanku, amma fareti daban okestira daban. In na shiga da roba gaban mutanen nan kafin in busa sun gama yanke min hukunci. Kuma da wane kuɗin zan sayi wata, babur ɗin ma ya tafi

Tsohon Saje:
To ina tsohuwar robar taka?

Mai Busa KD:
Ta band ce na mayar musu

Ɗan Tudun Wada:
Supa gulu kawai mutumina, ɗiga mata ka bari ta kwana, tawa haka na yi har yau tana aiki

Mai Gyara Jos:
Kar ka ɗiga komai tukuna. Gam ɗin ba ƙarya ba ne, mu ma muna amfani da mai ruwa-ruwan nan haɗe da garin icen, amma sai an cire maɓallai an ga inda tsagar ta tsaya. In ta shiga ramin nota sai an gyara bakin ramin in ba haka ba fad, wato ɗan matashin da ke ƙarƙashin maɓalli yana toshe rami, ba zai taɓa rufewa ba, in ta yi tsawo kuma sai an sa mata fil ko a ɗaure ta. Fara yin wannan: cire gaɓar saman ita kaɗai, rufe ramukan da yatsunka, toshe ƙasan da tafin hannu, ka tsotsi iskar ciki. In ta riƙe leɓenka na ɗan lokaci to tsagar ba ta ratsa ba. In iska na wucewa ma ba lallai tsagar ce ba, fad yana motsewa da hunturu, kuma fad ɗaya mai yoyo a sama ya isa ya kawo maka tsuwwar nan a kan B. Duba zobban ƙarfen baril (guntuwar gaɓar da ke bin bakin busa) da na ƙararrawar ƙasa, in suna juyawa ice ya motse, kar ka cusa gaɓa da ƙarfi a haka. Ka gaya min abin da ka gani.

Anti Mai Fulut:
Kowa ya tafi kan ice babu wanda ya tambaye shi rid, ɗan siririn karan da ake ɗaurawa a bakin busa. Ƙanina rid mai lambar tauri nawa kake sawa, kuma wane bakin busa ne da kai? Ba ka faɗa ba. A wannan bushewar rid yana lanƙwashewa ya ƙi kwanciya a kan bakin, ka ga ko kilarnet lafiya lau ce sai ta yi tsuwwa

Bala Saks:
Ai maganar rid kar ma a tayar min da hawan jini. Kwali mai guda goma ka biya kuɗin dala, ka biya mai kawowa, ka buɗe rabi ba sa busuwa. Sannan ka je biki ka tsaya tun la'asar har dare a ce maka za a turo, ana nan ana turowa. Yanzu ma DJ suke kira da yaro ɗaya mai kibod, mu an mai da mu sai jana'iza da fatin ritaya. Ni surukina har yau maroƙi yake ce min

Ɗan Tudun Wada:
Bala kai dai kullum sai ka kawo surukin nan naka hhhh

Mai Busa KD:
Anti 3.5 nake sawa, shi manya suke sawa ai. Kuma ba rid ba ne, da damina da shi nake busawa lafiya lau

Anti Mai Fulut:
Damina kenan. Sauko 3 ka gani, ko ka nemi rid ɗin Légère na roba guda ɗaya, shi ba ruwansa da hunturu. Ka kuma sani kana sauka Legas danshi zai canza maka duk rid ɗin da ka shirya a Kaduna, je da wuri ka gwada su can

Tsohon Saje:
Rid na roba? Allah ya sawwaƙe. Wannan na ragwaye ne. Jiƙa rid ɗinka a kofin ruwa minti biyu, in ka gama ka kwantar da shi a kan gilashi. Ita kuma katakon jefa ɓawon lemo cikin akwatin ka rufe, haka muka taso muka ga ana yi.

Anti Mai Fulut:
Baba ku da kuka ce ya sayi kilarnet ta roba, rid ne kuma roba ta zama laifi? Ɓawon lemon nan in ya manta da shi fumfuna zai yi

Tsohon Saje:
Wannan daban wancan daban 'yata.

Malam Piyano:
Babu wanda ya amsa masa tambayar kiɗan. Konshaton Mozart na 1791 ne, ya rubuta wa Anton Stadler, kuma a A yake, da kilarnet ta A ake busa shi. In kilarnet ta B flat kaɗai gare ka sai dai takardar notar da aka ɗaga wa mai piyano don ta dace da ita, kuma sai ka tambaye su ko sun yarda. Na Weber 1811 ne, na Heinrich Baermann, dama don B flat aka yi shi, bai wuce minti goma ba. Sai dai da doguwar nota ta sama ake shiga a hankali, in kayanka na yoyo a nan za a fara kama ka. Duk da haka ni Weber zan ce.

Mai Busa KD:
B flat ce tawa. Amma Mozart na fi so Malam, shi na haddace tun bara, Weber gudun ƙarshen nan yatsuna ba su kama shi ba

Tsohon Saje:
Mozart ba ya ɓoye kowa yaro. Mai murya siririya ba ya zuwa wurin Mozart. Weber za ka yi, da roba, magana ta ƙare.

Mai Gyara Jos:
Har yanzu ba ka gaya min ko ta riƙe iska ba

Mai Busa KD:
Oga ban gwada ba tukuna, ina jira man ya gama shiga. Daren Litinin na shafa mata man gyaɗa ciki da waje har kan layin, na ga a YouTube ana sa wa ice mai don kar ya bushe

Mai Gyara Jos:
Man gyaɗa a cikin tsaga?? Gam ba ya kama inda mai ya shiga, yanzu sai an wanke wurin kafin a yi komai, kuma in ya taɓa fad ɗin ma sun tashi aiki. Man almon ake sawa shi ma ɗan kaɗan a ciki, kuma kafin ta tsage ba bayan ba. Me ya sa ba ka faɗa tun a farko ba?

Mai Busa KD:
Ai mai mai ne Oga, kuma ni a idona layin ya ma ragu. Jos kuma ta yi min nisa yanzu, ba wani a Kaduna?

Bala Saks:
In ka yanke shawarar sayarwa ina son akwatin, nawa zif ya mutu