Wa Jami'ar Jiha Take Ɗauka?

Baffa: Salamu alaikum. Sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka sun fito karo na biyu, yarinyar wajena ba ta ciki. Maki 187 ta ci a JAMB, aikin jinya ta nema a wata jami'ar jiha. Na faɗa na ƙara, waɗannan jami'o'in na 'yan makarantar kuɗi ne da masu uwa a gindin murhu. Ɗan jeka-ka-dawo sai dai ya hangi gini daga titi.

Goggo: Wa alaikumus salam. Allah ya sa hakan ne alheri. Amma Yaya Alhaji, ka yi haƙuri, ba a ƙofar jami'a yaranmu suke zubewa ba. Shekarata nawa ina koyarwa a sakandaren 'yan mata ta ƙauye? Ajin da muka yaye bara, waɗanda suka ma zauna JAMB ba su cika yatsun hannu biyu ba. Ta yaya za a ɗauki wadda ba ta nema ba?

Baffa: Tawa ai ta nema. Kuma an ce 150 ne makin shiga.

Mai Kafe: Ranka ya daɗe Baffa, 150 ɗin nan da aka yanke a 2025 ƙasa ne, wato kada jami'a ta sauka ƙasa da shi. A 2024 ma 140 ne. Kowane kwas da nasa makin. Jinya, likitanci, lauya, haɗa magunguna, nan kowa ke tururuwa, guraben kuma ƙalilan ne. Da ta nemi ilimin koyarwa ko noma da wannan makin, da wataƙila yanzu zancen kuɗin rajista muke.

Auta: Baffa, ni fa a jami'ar jiha ta Wudil nake. Ka zo ajinmu na injiniya ka tambaya. Inda ka juya ɗan Dawakin Tofa ne ko ɗan Dawakin Kudu, kuma makarantun kimiyya ne na gwamnati, tun 1977. 'Yan makarantar kuɗi suna nan, amma masu hali sosai ba su cika zuwa ba, sun tafi BUK ko ABU ko ma waje.

Baffa: To uban 'yan sani. Waye ke shiga Dawakin Tofa? Ba sai an ci jarrabawa ba? Wanda ya yi firamare a ƙarƙashin bishiya zai ci ta?

Goggo: Yauwa! Ai ka dawo kan maganata. Tankaɗen tun can ƙasa ake yin sa, ana zaɓe masu ƙoƙari a kai su makarantar da ke da malamai da ɗakin gwaji, saura a bar mana su. Mu malamin Fiziks ɗinmu ɗan bautar ƙasa ne, yana cika wata goma sha biyu ya ɗauki jakarsa. Wata shekarar a turo wani, wata shekarar shiru. Yarinya tana aji huɗu a ce mata ta koma ɓangaren adabi don babu mai koyar da Kemistiri, shi ke nan an rufe mata jinya tun tana shekara goma sha biyar, ba ta ma sani ba. Sai jarrabawar share fage, wadda ba ta ci ba gwamnati ba za ta biya mata NECO ba, uba kuma ya ce ga buhun taki yana jiransa. Wadda ta tsallake duk wannan sai ta samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Turancin nan shi ke kashe mu.

Mai Kafe: Ga kuma kwamfuta. Tun 2015 da ita kaɗai ake rubuta JAMB. Wallahi na ga yaro a shagona ana saura kwana uku jarrabawa, ya ɗaga linzamin sama yana nuna allo da shi kamar rimot. Haziƙi ne, hadda a kansa. Wani kuma NIN ɗinsa da sunan makaranta ba su zo ɗaya ba, har aka rufe rajista ana gyara.

Baffa: Duk na ji. Amma ku rantse babu alfarma.

Kawu Malam: Ba mai rantse maka, Alhaji. Ana kai takarda, kowa ya sani. Sai dai tun da aka kawo CAPS, wato tsarin ɗaukar ɗalibai ta intanet, a 2017 dole sunan yaro ya bi ta hannun JAMB, hannun mai alfarma ya ɗan gajarce. A jami'o'in tarayya ƙa'idar ita ce kashi 45 cancanta, 35 jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 jihohin da aka bari a baya a boko. Ta jiha kuwa 'yan jiha take fifitawa. Abin da nake so a buga mana shi ne jerin ɗalibai ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, tare da makarantar da kowa ya gama. Da yawa takardar asalinsu ta ƙauye ce, amma a birni aka haife su, can suka yi karatu.

Goggo: Kamar 'ya'yan wani da na sani a gidan nan.

Baffa: Ke dai ba a rabuwa da ke lafiya. To yanzu yaya za a yi da yarinyar?

Mai Kafe: A turo min lambar rajistarta da daddare in duba ko canjin kwas na buɗe. In an rufe, ga IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ta yi shi ta shiga aji biyu kai tsaye.

Baffa: Ta ce jinya ko ba komai.

Goggo: Turo min ita ranar Asabar, ta zo da sakamakonta na NECO.